Yadda Zafi Ke Juya Abubuwa

Yara, in kun tashi da sassafe, kun shiga madafa, kun tarar mahaifiyarku ta ɗora tukunya bisa murhu, ku dakata kaɗan ku duba da kyau. Za ku ga abubuwa uku da suka isa a tambaya. Ga ruwa yana tafasa yana raguwa, alhali ba wanda ya ɗiba. To, ina ya tafi? Ga cokalin ƙarfe da aka manta cikin tukunya ya yi zafi har ba ya taɓuwa, amma muciya tana hannunta ba ta ƙona ta ba. Me ya bambanta su? Ga kuma man shanu da ya kwana a daskare, da aka kusantar da shi wuta sai ya narke. Me wuta ta yi masa?

Kada ku ɗauka waɗannan tambayoyi na madafa ne kaɗai. A nan ƙasarmu ta yammacin Zamfara, watau Gummi da Bukkuyum da Anka, akwai wani aiki da ake yi da dutse da wuta wanda ya taɓa cin rayukan yara da yawa, kuma wanda ya san amsoshin nan zai gane yadda abin ya faru. Saboda haka ku karanta a hankali har ƙarshe.

Kama Uku

Masana sun ce abubuwan da muke gani da waɗanda muke taɓawa kullum suna zuwa cikin kama uku. Ta farko ita ce kamar abu daskararre, irin su dutse da itace da ƙarfe. Duk inda aka ajiye shi yana nan da siffarsa. Ta biyu ita ce kamar abu mai ruwa-ruwa, irin su ruwa da madara da man gyaɗa. Shi ba shi da siffa tasa. In an zuba shi cikin ƙwarya ya bi ƙwarya, in an zuba shi cikin kwalba ya bi kwalba. Ta uku ita ce kamar tururi ko iska. Shi wannan ba ya zama wuri ɗaya, sai ya bazu ya cika duk ɗakin da ya samu kansa ciki.

Abu ɗaya yana iya shiga duk kamannin nan uku. Ku dubi ruwa. Ƙanƙarar da masu sayar da zoɓo ke sawa cikin kayansu ruwa ne daskararre. In ta sha rana sai ta narke ta zama ruwan da muka sani. In aka ɗora ruwan nan a wuta sai ya tafasa ya zama tururi. Ba abin da aka ƙara masa sai zafi. In kuwa aka rage zafin, sai ya komo ta hanyar da ya bi. Ku buɗe murfin tukunya ku ga ɗigon ruwa a cikinsa. Tururi ne ya taɓa murfi, ya huce, ya koma ruwa.

Ga amsar tambayarmu ta farko ke nan. Ruwan da ya ragu cikin tukunya bai ɓace ba, ya shiga iska ne. Haka kuma ruwan Gulbin Zamfara da na fadamu ke yi da rani. Wani ya gangara gaba, wani ya nutse cikin yashi, wani kuwa rana ta ɗauke shi sama a hankali ba tare da ya tafasa ba. Can sama sai ya huce ya zama girgije, wata rana ya sauko a matsayin ruwan sama. Ku riƙe wannan da kyau: in abu ya sake kama, yana nan, ko da ido ya daina ganinsa.

Abin Da Ke Faruwa Ciki

Kowane abu an gina shi da waɗansu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya iya gani. Ɗigon ruwa ɗaya yana da ƙwayoyin nan fiye da yawan mutanen duniya duka, nesa ba kusa ba. Kuma ƙwayoyin nan ba su zama shiru, kullum cikin motsi suke. In abu ya ƙara zafi, motsinsu ne ya ƙaru.

Ku kwatanta su da kanku a makaranta. Lokacin da kuke cikin aji, kowa yana zaune a wurinsa, yana ɗan motsi amma ba ya barin benci. Haka ƙwayoyin abu daskararre suke. In an kaɗa ƙararrawa kuna fita ta ƙofa, kuna manne da juna, amma kowa yana ratsa ɗan'uwansa yana wucewa. Haka ƙwayoyin ruwa suke. In kuwa an tashi, kun fita fili, sai kowa ya sheƙa da gudu ya nufi unguwarsu, nan da nan ku watse. Haka ƙwayoyin tururi suke. Man shanun nan da ya narke, wuta ce ta ƙara wa ƙwayoyinsa motsi har suka bar wurarensu.

Kowa Da Iyakarsa

Ana auna zafi da wani abu da ake kira ma'aunin zafi, ana kuwa ƙidaya shi da digiri. Ƙanƙara tana narkewa a digiri 0. Jikin mutum mai lafiya yana wajen digiri 37. Da bazara, cikin watan Afrilu, zafin rana a ƙasar nan yakan wuce digiri 40. Ruwa yana tafasa a digiri 100.

Ƙarfe ma yana narkewa, sai dai kowane iri da iyakarsa. Dalma tana narkewa a digiri 327. Sanholo, watau alminiyam, yana narkewa a digiri 660. Zinariya sai ta kai 1,064, jan ƙarfe 1,085, baƙin ƙarfe kuwa sai ya wuce 1,500. Shi ya sa masu ƙera tukwanen sanholo suke iya narkar da tsofaffin gwangwanaye da wutar gawayi, su zuba cikin zubi na yashi. Amma maƙerin garma, duk zugar da yaronsa zai yi da zuga-zugi, ƙarfen ja yake yi ya yi laushi. Sa'an nan ya kama shi da awartaki, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya bubbuge shi ya fid da siffar da yake so.

Ga wani gwaji da za ku yi da kanku. Ku jiƙa gishiri cikin ruwa har ya ɓace, ku zuba kaɗan a faranti, ku ajiye a rana. In kun komo da yamma za ku tarar ruwa ya tafi, gishiri ya rage fari a gindin faranti. Ruwa yana zama tururi da sauƙi, gishiri kuwa zafin rana bai isa ya tashe shi ba. Ku tuna da farantin nan, za mu komo kansa.

Yadda Zafi Ke Tafiya

Zafi yana tafiya daga abu mai zafi zuwa abu mai sanyi. Amma ba ta kowace hanya yake tafiya da sauri ba. Ƙarfe hanya ce mai kyau gare shi. Itace da ƙwarya da auduga da roba kuwa hanyoyi ne masu wuyar bi. Shi ya sa cokali ya ƙona hannu, muciya ba ta ƙona ba. Shi ya sa kuma ake kama kunnen tukunya da tsumma.

Ku roƙi malaminku ya yi muku wannan gwaji. A samo cokalin ƙarfe da tsinken itace masu tsawo ɗaya, a manna ɗan man kaɗe a saman kowanne, a tsaya da su cikin kofin ruwan zafi. Ba da jimawa ba za ku ga man da ke kan cokali ya narke ya gangaro, na kan itace yana nan.

Akwai wani abin mamaki kuma. Da sanyin hunturu, in kun taɓa bakin fartanya sai ku ji ya fi ƙotarta sanyi. Ashe sanyinsu ɗaya ne, tun da wuri ɗaya suka kwana. Ƙarfen ne ke janye zafin hannunku da sauri, shi ya sa kuke jin sanyi. Bargo ma ba shi da zafi nasa. Aikinsa shi ne ya tsare zafin jikinku kada ya gudu. Haka ɗakin ciyawa da soron ƙasa suka fi ɗakin kwano daɗin zama da tsakar rana, domin ba su barin zafin rana ya ratso da sauri.

Hanyar Lantarki

Abubuwan da zafi ke bi da sauri, yawancinsu su ne wutar lantarki ke bi. Dalili kuwa shi ne, cikin ƙarfe akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi da suka fi na ɗazu ƙanƙanta, ana ce da su elektiron, waɗanda ba a ɗaure suke ba. Suna yawo cikin ƙarfe daga wannan baki zuwa wancan. Su ne ke ɗaukar zafi, su ne kuma in suka kwarara gefe ɗaya ake ce lantarki yana tafiya. Cikin busasshen itace da roba da gilashi, elektiron a ɗaure suke, don haka lantarki ba ya samun hanya.

Azurfa ta fi kowane ƙarfe kai lantarki, sai jan ƙarfe, sai zinariya, sai sanholo. Azurfa tana da tsada, shi ya sa wayar cikin gida ake yin ta da jan ƙarfe, a lulluɓe ta da roba don kada lantarki ya bi hannun mutum. Manyan wayoyin da ke bisa turaku, irin waɗanda ke ɗauko wuta daga madatsar Kainji da aka gama ginawa a 1968, yawanci na sanholo ne, domin ba shi da nauyi. Zinariya kuwa ba ta tsatsa, saboda haka akan shafa 'yar kaɗan a mahaɗar wayoyin cikin wayar hannu da kwamfuta.

Jikin mutum ma lantarki yana binsa, musamman in yana jiƙe. Ruwan rijiya da na gulbi suna da ɗan gishiri-gishiri a narke cikinsu, wannan kuwa yana buɗe wa lantarki hanya. Don haka kada ku taɓa makunnin lantarki da jiƙaƙƙen hannu. In kun ga waya ta tsinke ta faɗo, ku yi nesa da ita, ku gaya wa babba. Walƙiya ma lantarki ce mai ƙarfin gaske. In ana tsawa ku fito daga gulbi, kada kuma ku fake gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili.

Ƙarfen Da Ke Gudu Kamar Ruwa

Yanzu bari mu komo gida. Allah ya albarkaci ƙasar Anka da Bukkuyum da zinariya cikin duwatsunsu. Zinariyar nan ba dunƙule take ba, 'yan ƙwayoyi ne ƙanana a warwatse cikin dutse. Masu haƙa sukan fasa dutsen, su niƙa shi, su wanke garin da ruwa. Daga nan da yawansu sai su kawo wani ƙarfe da ake kira zaiba.

Zaiba abin mamaki ce. Ƙarfe ce, tana walƙiya kamar azurfa, amma tana gangara kamar ruwa, domin ba ta daskarewa sai sanyi ya kai digiri 39 ƙasa da na ƙanƙara. In aka cuɗa ta da garin dutse sai ta kama zinariya ta riƙe, su zama ɗan curi. Sa'an nan a ɗora curin a wuta. Zaiba tana tafasa a digiri 357, zinariya kuwa ko narkewa ba ta yi sai ta kai 1,064. Kun ga abin da ya faru da farantinmu na gishiri shi zai faru a nan: zaiba ta tashi, zinariya ta rage.

To, ina zaibar ta tafi? Mai ƙonawa yakan ce ta ƙone. Amma ku yanzu kun san ba ta ɓace ba. Ta zama tururi, tururin da ba shi da launi, ba shi da wari. Mai ƙonawa yana shaƙar sa, duk wanda ke tsaye kusa yana shaƙa. Sauran kuma ya huce ya sauka bisa bango da tufafi da ƙasa. Zaiba guba ce. Tana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, tana sa hannu rawa, ta fi kuma cutar da jarirai da mata masu ciki. Ko ba a ɗora ta a wuta ba tana tashi kaɗan kaɗan, kamar yadda ruwa ke bushewa a faranti, don haka ba a ajiye ta cikin ɗakin kwana. A garin Minamata na ƙasar Japan, a 1956, aka gano wata muguwar cuta da ta kama masu cin kifin da gubar zaiba ta shiga. Da sunan garin nan ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a 2013 don rage aiki da zaiba, Nijeriya kuwa tana cikin waɗanda suka sa hannu.

Akwai wata dabara da ke rage ɓarnar. A ƙona curin cikin rufaffen tukunyar ƙarfe mai bututu, bakin bututun yana cikin ruwan sanyi. Tururin zaiba ya bi bututu, ya huce, ya koma ruwa-ruwa, a tare shi. Dabarar murfin tukunya ce dai da muka gani a madafa.

Ƙurar Da Ta Shiga Gida

Wata guba ta biyu ta fi wannan yi mana ɓarna. A waɗansu ramuka, dutsen da ke ɗauke da zinariya yana ɗauke da dalma mai yawa. Da kuɗin zinariya ya tashi a kasuwannin duniya, mutane da yawa suka shiga aikin. Aka riƙa kawo duwatsu cikin ƙauyuka, ana dakawa a turmi cikin gidaje, ana niƙawa a busashe da injin niƙa irin na hatsi, ana shanya garin a tsakar gida. Ƙura ta riƙa sauka bisa ƙasa da tabarmi da kwanon abinci.

Ku lura, niƙa ba ya sake kamar abu. In an niƙa gero ya zama gari, gero ne dai. Haka ƙurar nan, dutse ne daskararre da aka mayar ƙanana, dalmarsa tana ciki. Ƙananan yara kuwa a ƙasa suke wasa, suna kai hannu baki, jikinsu kuma ya fi na manya saurin shan dalma.

A farkon shekarar 2010 mutane suka ga agwagi suna mutuwa, ba su san dalili ba. Sa'an nan yara suka fara amai da ciwon ciki da farfaɗiya. Cikin watan Maris na shekarar, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a waɗansu ƙauyuka. Da aka gwada jinin yaran da ƙasar gidajensu, sai aka tarar dalma ce. Ƙauyukan da abin ya fi shafa sun haɗa da Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Bagega a ƙasar Anka. An ƙiyasta yara kimanin 400 ne suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Dalma ba ta ruɓewa kamar ganye, wuta ba ta hallaka ta, rana ba ta ɗauke ta. Ko tafasa ruwa, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta, ba ya fid da dalma. Ruwan ne zai tashi ya bar ta cikin tukunya, kamar gishirin farantinmu. Saboda haka ba wata hanya sai a kwashe ta. Ma'aikata suka bi gida gida suna kankare saman ƙasa, suna kai ta rami nesa da gari suna binnewa, suna zuba sabuwar ƙasa mai tsabta. An yi wa ƙauyuka bakwai haka tsakanin 2010 da 2011, aka yi wa Bagega a 2013. Aka kuma ba dubban yara maganin da ke kama dalma cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Sarakuna da masu unguwanni suka taimaka aka fid da aikin niƙa daga cikin gidaje.

Abin Da Ya Rage Gare Ku

Yara, ku ne za ku kai wannan ilmi gida. Kada a kawo dutsen haƙa cikin gida, kada a daka shi a turmin abinci. Niƙa shi da ruwa ya fi, domin jiƙaƙƙen gari ba ya tashi. Wanda ya dawo daga wurin aiki ya yi wanka, ya sake tufafi, kafin ya ɗauki yaro. Kada ku yi wasa inda ake niƙa dutse ko ake ƙona zaiba, kada kuma ku bar ƙannenku su je. Ku wanke hannuwanku da nasu da sabulu kafin cin abinci. In kun ji wani ya ce zaiba ta ƙone ta ƙare, ku gaya masa cikin ladabi inda ta tafi.

Tambayoyi

1. Ku faɗi kama uku da abu ke iya shiga, ku kawo misali biyu na kowace.
2. Me ya sa ake ganin ɗigon ruwa cikin murfin tukunya?
3. Me ya sa bakin fartanya ya fi ƙotarta sanyi da hunturu?
4. Don me ake lulluɓe wayar lantarki da roba?
5. In aka ƙona curin zaiba da zinariya, wanne ke tashi, wanne ke ragewa? Me ya sa?
6. Me ya sa tafasa ruwa ba ya fid da dalma?
7. Ku rubuta abubuwa uku da za a yi don kada ƙurar dalma ta shiga gida.